Kurmin Da Ya Koma Hannun Ɓera

A wannan wata bari mu buɗe Littafin Farawa sura 1, aya 24 da 25, mu haɗa da sura 2, aya 15. A wuri na fari an ba mu labarin rana ta shida, sa'anda Allah ya yi dabbobin ƙasa, na gida da na jeji, har da 'yan ƙanana masu bin ƙasa, ya duba kuwa ya yarda da aikin hannunsa. A wuri na biyu an nuna mana abin da aka fara danƙa wa mutum tun zunubi bai shigo duniya ba. Aka ajiye shi cikin gonar Adnin da aiki biyu, watau noma da tsaro. Aikin noma kowa ya riƙe shi da hannu biyu, gama ciki ba ya barin mutum ya manta. Aikin tsaro ne ba safai mu kan ji wa'azinsa ba. Domin mu gane nauyinsa za mu ba ku labarin wani kurmi na nesa, da abin da ya sami ƙananan dabbobinsa masu shayar da 'ya'yansu, irin su ɓera da kurege da jaɓa, waɗanda ba wanda ya kan yi makokinsu.

A kudancin ƙasar Tailan, can gabas da Indiya, cikin lardin Surat Thani, akwai kurmi mai duhu inda ruwan sama ya ke sauka da yawa ƙwarai. Gwamnatin ƙasar ta gina madatsar ruwa a kan kogin Khlong Saeng domin a sami wutar lantarki. Cikin 1986 da 1987 ruwa ya taru a bayan madatsar, ya haɗiye kwari mai faɗin kilomita murabba'i 165, ya zama tafkin da a ke kira Chiew Larn. Kawunan tuddai kaɗai suka tsira, suka zama tsibirai fiye da 100, kowanne da itatuwansa a tsaye. Sa'anda ruwa ya ke hawa, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Seub Nakhasathien ya shiga da mutanensa cikin jiragen ruwa, suka tsamo dabbobi fiye da 1,300 suka kai su tudu. Aikin kirki ne, ya kuma tuna mana da Nuhu. Amma ƙananan dabbobin da suka rage a kan tsibiran, sai a ce ba su da abin tsoro. Ga itatuwa, ga 'ya'yan itace, ga ruwan sha, ba manomi, wurin kuma yana ƙarƙashin tsaron hukuma. In an tambaye mu a ran nan, da mun ce sun fi 'yan'uwansu sa'a.

Daga 1992 zuwa 1994 wani masani, Antony Lynam, ya yi ta zuwa tsibiran yana kafa tarko irin wanda ba ya kashewa. A kama dabba, a duba irinta, a rubuta, a sake ta. Ya tarar cewa a ƙananan tsibiran, waɗanda ba su kai hekta 10 ba (hekta ɗaya ta kai eka biyu da rabi), 'yan asalin kurmin sun kusa ƙarewa tun cikin shekara 5 na farko. Manyan tsibiran kuwa suna riƙe da nasu tukuna, har akwai inda aka sami iri 12: ɓerayen kurmi masu gashi kamar ƙaya, da ɓeran da ke kwana a bisa itace, da kurege, da wata 'yar dabba mai kama da kurege amma da dogon baki. A 2012 da 2013 Luke Gibson, na jami'ar ƙasar Singafo, ya koma da abokan aikinsa, suka kafa tarko a tsibirai 16, mafi girmansu hekta 56. Abin da suka buga a mujallar Science a 2013 ke nan: cikin shekara 25 manyan tsibiran ma sun bi sawun ƙananan. Idan aka raba 'yan asalin da aka kama bisa yawan tsibiran, kowane tsibiri ba zai sami ko dabba ɗaya cikakkiya ba. Aka sake komawa a 2020, aka iske abin ya ƙara muni.

Ba wanda ya harbe su, ba wanda ya sa musu guba. Me ya cinye su? Abu na fari, ƙanƙantar wuri. Ku ɗauki misalin ƙauye mai gida uku da aka kewaye da ruwa, ba shiga ba fita. Shekara ɗaya a haifi maza zalla, wata shekara ciwo ya ɗauki biyar, wata kuma itacen da a ke dogara gare shi ya ƙi yin 'ya'ya. A babban kurmi irin wannan hasara ba ta daɗewa, gama waɗansu su kan ƙauro daga gaba su cika gurbin. A tsibiri kuwa wanda ya mutu ya mutu ke nan, waɗanda suka rage kuma sai su yi ta auren jininsu har zuriya ta raunana. Ban da haka, guntun kurmi ba ya riƙe sanyinsa. Iska da zafin rana su kan shiga ta kowane gefe, ƙasa ta bushe, manyan itatuwa na baki su faɗi.

Abu na biyu shi ne baƙo. Akwai wani ɓera a ƙasashen nan, ɓeran gona na Malaya, wanda ya saba da gonakin kwakwar manja da bakin ƙauyuka, amma ba ya iya kafa kansa a tsakiyar kurmin da ba a taɓa ba. Da kurmi ya tsattsage, sai ya sami ƙofa. Ya shiga tsibiran ya hayayyafa har ya cika su, ya rinjayi masu gida. A yawancin tsibiran shi kaɗai a ke samu cikin tarko. Mu kan yi saurin zagin ɓera, amma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekaru aru aru yana zaune kusa da kurmin nan bai ci shi ba, sai da mutum ya yanyanka masa shi.

A nan ne mu ke so mai-karatu ya tsaya ya sake duba ayoyin nan na Farawa. Akwai kalma guda da a ke ta maimaitawa a cikinsu, ita ce "iri". Da Ruhu Mai-tsarki ya so, da ya ce mana an yi dabbobi da yawa, a wuce. Amma ya nanata cewa an yi su daban daban, kowacce da kamanninta da abincinta da wurin kwananta. Haka kuma a zamanin ruwan tufana, ba a ce wa Nuhu ya cika jirgi da abin da ya fi saurin haihuwa ba. An umurce shi ya shigar da namiji da tamata daga kowane iri, har da waɗanda ba a ci, waɗanda ba za su amfane shi da kome ba cikin jirgin sai ƙarin aiki. Sa'anda kuma aka kafa alkawarin bakan gizo a sura 9, an ambaci dukan masu rai tare da mutum. To, mutumin da ya je Chiew Larn yana ƙirga kawuna kawai zai komo ya ce lafiya lau, tarkuna cike su ke. Mai ƙirga iri kuwa zai ce an yi babbar hasara, gama inda dā iri 12 su ke, yanzu ɗaya ne. Ƙirga ta biyun ce ta yi daidai da Littafi.

Wani zai ce, ai wannan tafki ne, mu ba mu da irinsa. Amma masanan sun zaɓi wurin ne domin yana nuna a sarari abin da ke faruwa a ɓoye ko'ina. Ga ɓeran da bai taɓa sauka daga itace ba, gonar masara mai faɗin mil guda ba ta da bambanci mai yawa da ruwa. Gaskiya ne waɗansu su kan iya ƙetare gona da dare, abin da ba su iya yi a tafki, saboda haka mutuwar ta kan zo a hankali. Amma hanyar ɗaya ce. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2020 an share hekta miliyan 420 na dazuzzuka tun daga 1990, kuma tsakanin 2010 da 2020 Afirka ce ta fi kowace nahiya hasara. Wani bincike na 2015 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dazuzzukan da suka rage a duniya ba su fi kilomita ɗaya daga baki ba. Watau yawancin abin da ya rage guntaye ne.

Akwai wata hanya kuma da masifa ke bi ta sami ƙananan, ita ce ƙarewar manyan. A ƙasar Benezuwela, cikin Amurka ta Kudu, tafkin Guri ya cika a 1986, ya bar tsibirai kamar na Tailan. Ƙananan tsibiran ba su ishi damisar ƙasar ko manyan gaggafa zama ba. John Terborgh da abokansa suka ba da labari a 2001 cewa a wuraren nan ɓeraye, da birai, da wani irin guza mai cin ganye, da tururuwa masu yankan ganye sun riɓanya sau 10 har zuwa sau 100. Suka cinye iri da tsiro, ƙananan itatuwa masu maye gurbin tsofaffi suka ragu ƙwarai. Ashe damisa da mu ke tsoro, tana cikin masu tsaron kurmi. Maharbi ma ya kan yi abin da ruwa ya yi a Guri. Tun 1992 wani masani, Kent Redford, ya yi gargaɗi a kan kurmin da in ka hango shi daga sama kore shar ne, amma ka shiga ba motsin kome, an harbe manyan duka.

To, in ƙananan sun ƙare, mene ne aka rasa? Bari mu komo gida, mu ɗauki gafiya, wadda kowane yaro ya sani. A kan tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba, akwai kurmin Ngel Nyaki. Dr. Hazel Chapman ta ƙasar Niyu Zilan, tare da ɗalibai 'yan Nijeriya, sun yi shekaru suna bincike a can. Suka ɗaura wa manyan ƙwayoyin itatuwa alama, suka kafa na'urar ɗaukar hoto da ke aiki da dare. Suka ga gafiya ce ke kwashe su. Ta ci da yawa, ta binne waɗansu nan da can domin gobe, ta manta da kaɗan. Ƙwayar da ta faɗi a gindin uwarta, ƙwari da ruɓa su kan gama da ita. Wadda aka ɗauke aka binne aka manta, ita ce ke da zarafin zama itace. Mu kan ce gafiya tsira da na bakinki, muna yi mata ba'a saboda kumatunta masu kama da jaka, ba mu sani ba jakar mai shuka ce. Har a ƙasar Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da 'yar'uwar gafiyarmu ta shinshino nakiyar da aka binne lokacin yaƙi, da ciwon tarin fuka cikin majinar marasa lafiya. Sauran ƙananan ma kowa da aikinsa. Jaɓa da mu ke ƙyama saboda warinta, ƙwari ta ke ci dare da rana. Su duka kuma su ne abincin mujiya da shaho da kyanwar daji.

Kada mu zarce da yabo. Gafiya ba za ta iya aikin giwa ba. Giwar kurmi ta kan haɗiye manyan 'ya'yan itace ta kai iri nisan kilomitoci, gafiya kuwa iyakarta 'yan taku kaɗan daga gindin itacen. A 2021 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta ce giwayen kurmin Afirka sun ragu da fiye da kashi 86 cikin 100 a shekara 31. Inda giwa ta ƙare, ɗan abin da gafiya ke yi shi ne ya rage wa waɗansu itatuwa. In ita ma aka tone ta aka ƙare, itacen yana nan tsaye, yana fure yana 'ya'ya, amma ba magaji.

Littafin Misalai sura 30 ya lissafta ƙananan halittu huɗu ya yaba hikimarsu, a cikinsu har da rema mai zama cikin duwatsu. Zabura ta 104 ta nuna Allah ne ya shirya wa reman nan mafakarta. A cikin Ayuba sura 38 Ubangiji ya tuna wa bawansa cewa yana sauko da ruwa har a jejin da ba ɗan adam ko ɗaya. Wane ne ke shan ruwan nan? Wani zai ce ai Littafin Firistoci sura 11 ya sa ɓera cikin marasa tsarki. Haka ne, amma dokar ci da taɓawa ce aka ba Isra'ila. Ba a ce a shafe shi daga doron ƙasa ba, rema ma da aka yaba tana cikin waɗanda aka hana su ci.

Akwai kuma abin da ya shafi jikinmu. Ƙananan dabbobin da su kan ci riba sa'anda aka share daji, galibi su ne masu son zama kusa da mutum, a gonarsa da rumbunsa da ɗakin kwanansa. A ƙasarmu babba cikinsu shi ne ɓeran nan wanda tamatarsa ta fi sauran ɓeraye yawan nonuwa, ta kan kuma haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Ba ya son duhun kurmi, saura da gona da gida su ne nasa. Ekklesiyoyinmu sun san aikinsa. A watan Janairu 1969 wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a asibitin mishan na Lassa, cikin ƙasar Borno, aka kawo ta Jos, ta rasu. Wata da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos da ciwon nan. Sai bayan annobar da aka yi a Saliyo a 1972 aka gane ɓeran nan ne ke ɗauke da cutar, tana fita cikin fitsarinsa da kashinsa ta shiga abinci. Ba mu ce saran kurmi ne ya haifi zazzaɓin Lassa ba. Abin da mu ke cewa shi ne, duk sa'anda aka mai da kurmi saura, an ƙara wa wannan ɓera ƙasa, an rage wa sauran. Ko Filistiyawa a Littafin Sama'ila na fari sura 6, sa'anda annoba da ɓarnar ɓeraye suka same su tare, sun tsaya sun tambayi kansu laifin da suka yi.

Mun san abin da ke zuciyar manomi mai 'ya'ya bakwai da gona guda da ta gaji. Ba mu ɗora masa laifin duniya ba. Aikin noma ma umurni ne, wutar lantarki kuma ba zunubi ba ce, asibiti na bukatarta. Babbar ɓarna ta fi zuwa daga masu manyan motocin katako, da masu gawayi na sayarwa buhu ɗari ɗari, da hukumomin da ke ba da izini ba su duba ba. Su ma za su ba da lissafi. Amma akwai abin da ke hannunmu, ba kuwa yunwa ce ke sa shi ba. Da rani samari su kan cinna wa daji wuta domin su kama gafiya biyu ko uku da gyazbi ɗaya. Wutar ta ci eka ɗari, ta shiga bakin kurmi ta kashe tsiro, ta ƙone 'ya'yan da ke cikin sheƙa, wani lokaci har da rumbun maƙwabci. Kubawar Shari'a sura 22 ta hana Ba'isra'ile ya ɗauke uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta, sai ya saki uwar, aka kuma haɗa wannan 'yar doka da alkawarin tsawon rai. An yarda masa ya ci, an hana shi ƙare iri. Farautar wuta ba ta san uwa ba, ba ta san ɗa ba. Mai-bi ba shi da hurumin shiga cikinta, iyaye kuma su faɗa wa 'ya'yansu haka tun kaka ba ta wuce ba.

Sai wata magana mai wuya. A ƙauyuka da dama guntun kurmin da ya rage shi ne wanda kakanni suka keɓe domin tsafi, tsoro ya hana a sa masa gatari. Akwai masu-bi da ke ganin sare shi shaida ce ta bangaskiya, su kan kuma ambaci Gidiyon. Ku karanta Littafin Alƙalawa sura 6 da kyau. Bagaden Ba'al ya rushe, da gunkin itace da ke tsaye kusa da shi. Ba a aike shi ya share jeji ba. Maɗaci da kuregen da ke kansa ba su taɓa yi wa gunki sujada ba, tun asali na Ubangiji ne. Tsoron aljanu ya tsare kurmin nan shekaru da yawa. Abin kunya ne a ce da tsoron Allah ya shigo gari, sai kurmi ya rasa mai tsaro.

Labarin Tailan ya kuma koya mana cewa barin guntu shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da wani. A Ngel Nyaki ma'aikatan sun kewaye waɗansu wurare da shinge domin shanu da wuta kada su shiga, suna kuma dasa itatuwan asalin wurin domin kurmi ya sake faɗaɗa. A ƙauyukanmu hanyar da ta fi sauƙi ita ce rafi, gama shi ne ke bi daga wannan kurmi zuwa wancan. Ekklesiyar da ke da gona a bakin rafi, bari dattawanta su fara, su ja iyakar noma baya, su bar itatuwan gaɓa, su yi musu share-wuta kafin iskar hunturu ta taso. Sa'an nan su je wurin mai gona na sama da mai gona na ƙasa, ko masu-bi ne ko ba masu-bi ba, har da mai unguwa da ardon Fulani, a zauna a yi shawara kafin sharar gona ta bana, domin abin da wannan ya bari ya taɓa abin da wancan ya bari, dabbar da ke bisa itace ta iya bin rassa daga kan rafi har gindinsa ba ta sauka cikin fili ba.